Raba dogon umarni a Stata: amsa ga mai tambaya

Ɗan'uwa, ka ce umarninka na twoway (na yin zane) a Stata, manhajar nazarin alƙaluma, ya yi tsawo har ya wuce faɗin allo, kuma da ka raba shi gida biyu sai Stata ta ƙi karɓa. Dalilin shi ne, a wurin Stata ƙarshen layi shi ne ƙarshen umarni, don haka rabin farko take ɗauka ta gudanar, sannan ta ɗauki rabi na biyu a matsayin wani sabon umarni da ba ta san shi ba.

Abin da nake amfani da shi kullum shi ne alamar /// a ƙarshen layin da bai kammala ba, kamar haka:

twoway (scatter nauyi tsawo) ///
 (lfit nauyi tsawo), ///
 title("Nauyi da tsawo")

Dole ne ka bar tazara kafin alamar, kuma ka sani cewa a cikin fayil ɗin do (fayil ɗin da ake rubuta jerin umarni a ajiye) kaɗai take aiki. Idan ka rubuta ta a tagar Command (inda ake rubuta umarni kai tsaye) ba za ta yi maka komai ba. Wani amfaninta shi ne duk abin da ka rubuta bayanta a kan layin ana ɗaukarsa bayani ne kawai, saboda haka kana iya ajiye wa kanka tunatarwa a wurin.

Akwai kuma umarnin #delimit ; wanda ke sa Stata ta jira waƙafi mai ruwa (;) kafin ta ɗauka umarni ya ƙare, har sai ka mayar da ita da #delimit cr. Na daɗe ina amfani da shi, amma na rage bayan da ya jawo mini aiki biyu. Na rubuta bayani da alamar * a farkon layi, na manta ban rufe shi da waƙafi mai ruwa ba, sai bayanin ya haɗiye umarnin drop if (na cire wasu mutane daga bayanan) da ke ƙarƙashinsa. Babu saƙon kuskure ko ɗaya, sai da na lura adadin mutanen da ke cikin sakamakon ya fi wanda nake tsammani, sannan na koma ina bin fayil ɗin layi-layi. Bugu da ƙari, idan ka zaɓi wasu layuka kaɗan ka gudanar ba tare da layin #delimit ɗin ba, Stata za ta koma wa ɗabi'arta ta asali, umarnin ya wargaje. Yanzu ba na taɓa shi sai a zane mai zaɓuɓɓuka da yawa, kuma nan take nake rufe shi.

Idan wata rana ka koma manhajar R, kada ka tafi da wannan ɗabi'a, domin ita ba ta da alamar ci gaba. Tana duba ko umarnin ya cika ne, shi ya sa a ggplot2 (kayan yin zane na R) alamar + take zama a ƙarshen layi, ba a farkon na gaba ba.