Amsa ga mai son sana'ar zana tufafi

Ƙanwata, kin ce hannunki ya faɗa wajen zana riguna a takarda, kina tambaya ko wannan zai riƙe ki, da kuma hanyar da ake bi a zama daraktan fasaha na gidan ɗinki. Na daɗe ina zana wa teloli, yanzu kuma ni ke tsara kayan wani ƙaramin shago a Kano.

Zane yana kawo kuɗi, amma da lokacinsa: gab da sallah, sai kuma idan biki ya matso, amarya na son ganin kayan kamunta kafin almakashi ya taɓa leshi. Wanda ake yaba wa a Instagram daban, wanda ake kira a biya daban, kuma abin da ya raba su shi ne ko zanen zai ɗinku. Siffar mutum da ake koya mana zanawa, idan aka auna ta da tsawon kai, tsawonta kai tara ne, alhali mutum bai wuce kai bakwai da rabi zuwa takwas ba. Duk abin da kika ɗora mata sai ya yi kyau. Hajiyar da za ta biya kuɗin kuwa ba haka Allah ya yi ta ba. Shi ya sa kowace riga nake yi mata zane na biyu, a shimfiɗe, gaba da baya, in nuna inda ɗinki zai bi, inda zif zai zauna, tsaga, shafi da awo. Ba ya burge kowa a hoto, amma shi tela ke ajiyewa kusa da keke.

Sannan ki san yadi da hannunki. Shadda a tsaye take, ba ta yarda da lanƙwasa, shifon kuma zuba yake yi. Turmin atamfa yadi shida ne, idan kika zana rigar da dole fure ya haɗu da fure a gaɓar ɗinki, yankan zai ci yadi har ɗankwali ya gagara. Ki riƙa shiga Kantin Kwari ko ba saye za ki yi ba, ki kuma zauna wurin tela mai yanka na wasu watanni. In da halin karatu, akwai sashen zane-zanen masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma kwalejin fasaha ta Yaba, wato Yabatech, a Legas. Kada rashin iPad ya tsayar da ke, fensir da takarda sun isa farawa.

Maganar darakta kuwa, wani aikin ne daban. A 1954 Karl Lagerfeld da Yves Saint Laurent, waɗanda daga baya suka shahara a zana tufafi, suka ci gasa ɗaya a Faransa da zane a takarda. Saint Laurent ya yi aiki a ƙarƙashin Christian Dior, da maigidan ya rasu a 1957 aka damƙa masa gidan yana ɗan shekara 21. Shi wannan sa'a ce da ba a gina lissafi a kanta. Lagerfeld sai da ya bi ta gidajen ɗinki na Balmain da Patou da Chloé da Fendi, bai karɓi gidan Chanel ba sai 1983. Virgil Abloh, wanda iyayensa 'yan Gana ne, injiniyanci da zanen gine-gine ya karanta, amma a 2018 aka ba shi kayan maza na Louis Vuitton. Ashe ba kyan hannu ake ɗauka a kujerar ba. Yanke shawara ake biya: wane launi za a yi bana, wane zane za a jefar duk son da kike masa, nawa rigar za ta tsaya, wa zai ɗauki hoto. Ni yanzu ranata ta fi ƙarewa a ciniki da duba ɗinki fiye da riƙe fensir, kuma wani lokacin ina kewarsa.

A wajenmu da wuya ki ga an tallata wannan muƙamin, yawanci mutum ke kafa gidansa ya zama daraktan kansa. Dubi Alphadi na Nijar, da ya ƙirƙiro FIMA, bikin nunin tufafin Afirka, ya fara yin sa a hamada kusa da Agadez a 1998.

Kafin ki fara wa kowa aiki, ku yi magana kan kuɗi, ki karɓi rabi, ki faɗi sau nawa za ki yi gyara, in ba haka ba sai dangin amarya kaf sun sa baki. Ki zaɓi zanenki biyar, ki sa a ɗinka su ko da a yadi mai araha ne, ki ɗauki hoton kowace riga a jikin mutum kusa da zanenta. Da su za ki shiga shagunan da kike son yi wa aiki.