Tambaya: Su wane ne fadocin SMA, kuma me ya sa suka fara da Shendam ba Kano ba?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne daga Kafanchan. Tun ina yaro nake ganin ana rubuta SMA a bayan sunan wasu tsofaffin fadoci na cocin Katolika, kakana ma yana cewa wani fada bature ɗan SMA ne ya koya masa karatu. Don Allah su wane ne, wa ya kafa su, kuma me ya sa ake cewa Shendam ce tushen Katolika a Arewa alhali ga manyan birane irin su Kano da Zariya? Har yanzu turawa ne kaɗai a cikinsu?

AMSA: Yawwa ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Tambayoyi uku ka haɗa a ɗaya, to bari mu bi su a hankali, amma ka yi haƙuri zan fi daɗewa a kan ta farko don a nan labarin yake da nama.

SMA taƙaitawa ce ta sunan ƙungiyar da Latin, Societas Missionum ad Afros, wato ƙungiyar masu mishan zuwa wajen mutanen Afirka. An kafa ta ranar 8 ga Disamba 1856 a birnin Liyon na ƙasar Faransa, kuma wanda ya kafa ta wani bishop ne mai suna Melchior de Marion Brésillac. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu 'yan cocin, shi ne mutumin nan ba da Afirka ya fara ba. A Indiya ya yi aikinsa, ya je can a 1842, aka naɗa shi bishop a 1846 yana kula da yankin Coimbatore a kudancin ƙasar, kuma bai ji daɗin yadda abubuwa suke tafiya ba. Rigimar a kan abu biyu ce: yadda coci za ta yi da tsarin bambancin asali na Indiyawa, wanda aka haifa a sama da wanda aka haifa a ƙasa, sai kuma maganar horar da 'yan ƙasa su zama fadoci, shi yana ganin mishan da ba ta samar da fadoci 'yan ƙasa ba ba ta yi komai ba, abokan aikinsa kuma wasu suna ganin ai da sauran lokaci. Da abin ya ishe shi sai ya koma Turai ya ajiye muƙamin a 1855. Ka riƙe wannan maganar ta fadoci 'yan ƙasa, za mu dawo kanta.

Da ya isa Roma sai ya roƙi ofishin Fafaroma mai kula da mishan a tura shi Dahomi, wato Jamhuriyar Benin ta yau. Su kuma suka ce masa a'a, mutum ɗaya ba ya ɗaukar jinka, je ka kafa ƙungiya tukuna yadda ko ka faɗi wani zai ɗauka. Gaskiya duk wanda ya ba shi wannan shawara ya yi hangen nesa, don kamar ya san abin da ke tafe. Kuma ko da ƙungiyar ta tsaya ba su ba shi Dahomin ba, Saliyo suka ba shi a 1858.

Rukunin farko, fadoci biyu da burada ɗaya (wato ɗan ƙungiya wanda ba a naɗa shi fada ba), suka sauka Firitawun, babban birnin Saliyo, a Janairu 1859. Shi Brésillac ya biyo su da wasu mutum biyu, ya iso 14 ga Mayu, ya tarar garin ana fama da annobar zazzaɓin shawara, mutane na mutuwa ba ƙaƙƙautawa. A cikin watan Yuni kaɗai mutum biyar cikin shidan suka rasu, ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi jinyar wani yau gobe shi ake jinya. Brésillac ya rasu 25 ga Yuni 1859 yana da shekara 45. Ka lissafa da kanka, sati shida kacal ya yi a Afirka. Wanda ya tsira burada ɗaya ne da aka mayar da shi Faransa. A lokacin ba wanda ya san sauro ne ke yaɗa cutar, sai wajen 1900 aka tabbatar da haka, to ba su san ma me za su kiyaye ba.

A ganina nan ne ainihin wurin da ya kamata a tsaya a duba, don in da wata ƙungiya ce da shi ke nan an shafa fatiha. Mai ƙungiya ya mutu, manyan mutanensa sun mutu, abin da ya rage a Liyon wani matashin fada ne mai suna Augustin Planque da 'yan ɗalibai ƙalilan. Shi Planque ɗin ya ce a ci gaba, Roma ta amince, kuma ya riƙe ragamar daga 1859 har rasuwarsa a 1907, shekara 48 ke nan yana neman kuɗi yana ɗaukar samari yana tura su gaɓar tekun Afirka ta Yamma, da yawansu ba sa wuce 'yan shekaru sai a aiko masa da labarin rasuwa ya sake tura wasu. Hoton Brésillac ake ratayewa a bango amma in ka tambaye ni wanda ya gina gidan, Planque ne. Shi ne ma ya kafa ƙungiyar sistoci, wato mata masu hidimar coci, ta OLA (Our Lady of Apostles) a 1876 saboda ya ga fadoci maza ba su da hanyar shiga cikin gida su yi magana da mata ko su koyar da 'yan mata. Kuɗin kuma mafi yawa ba daga gwamnati ba ne, taro da sisi ne na talakawan Katolika na Turai, ta hannun wata ƙungiyar tara gudummawa da aka kafa a Liyon ɗin tun 1822, kowa ya riƙa ba da ɗan abin da ya samu duk sati.

A 1860 Roma ta ba su yankin da mai gidansu ya so tun farko, daga kogin Volta har zuwa kogin Kwara. Fada Francesco Borghero, mutumin Italiya, ya sauka Wida, a gaɓar tekun Dahomi, a Afrilu 1861 shi da abokin aikinsa ɗan Sifen, na ukunsu kuwa ya rasu a hanya, a Firitawun ɗin dai. Daga Wida Borghero ya riƙa leƙowa Legas, kuma abin da ya tarar ya ba shi mamaki: akwai 'yan Katolika tun kafin ya zo. Bayin da aka 'yanta ne da suka dawo daga Barazil, waɗanda Yarbawa ke kira Aguda, suna taruwa suna addu'a da Fotugis, wani dattijo da ake kira Pa Antonio yana jagorantarsu ba tare da fada ba. Sai a 1868 aka kafa mishan na dindindin a Legas. Wannan abu ya maimaita kansa a wurare da yawa, bature ya zo ya tarar da 'yan ƙasa sun riga sun share fili, ko kuma ya tafi ya bar katikis, wato ɗan ƙasa mai koyar da addini, shi ke riƙe da jama'a wata da watanni, amma in an zo rubuta tarihi sunan baturen ake sakawa. A Gana kuma sun sauka Elmina a 1880.

To yanzu maganar Arewa. Kafin mu je Shendam, ka san cewa ba SMA ne fadocin Katolika na farko da suka taka ƙasar Hausa ba. Wasu fadoci biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan, Carlo Maria di Genova da Severino da Silesia, sun taso daga Tarabulus a 1710 suka ratso Sahara ta Fezzan da Agadas, saboda labarin da fatake ke kaiwa cewa wai akwai Kiristoci a Kwararrafa. Sun iso Katsina, rashin lafiya ta kama su, suka rasu a can a 1711, ba su kafa komai ba. Shi ya sa ba a lissafa su a matsayin tushe.

Sannan akwai Lakwaja. SMA sun buɗe mishan a can a 1884, amma bai yi ƙarfi ba, sai suka mayar da cibiyarsu Asaba inda Fada Carlo Zappa ya daɗe yana shugabanci har ya rasu a 1917. Don haka in mutumin Lakwaja ya ce maka su ne na farko, kar ka yi masa musu sosai, yana da hujja. Kogin ne ma ya zama iyaka: yammacin Kwara na SMA, gabas kuma wajen Onitsha na wata ƙungiya ce daban, fadocin Ruhu Mai Tsarki, da suka zo a 1885. Mutane suna yawan cakuɗa su, har da ƙungiyar Fararen Fadoci da suka shiga Navrongo a arewacin Gana a 1906, alhali kowa da gidansa.

Ranar 12 ga Fabrairu 1907 fadoci uku na SMA, Oswald Waller da Ernest Belin da Joseph Mouren, suka isa Shendam, ƙasar Goemai waɗanda Hausawa ke kira Ankwai, a kudancin jihar Filato ta yau. Wannan ne mishan da ya zauna da gindinsa a arewacin Binuwai bai sake rufewa ba, shi ya sa ake kiransa tushe. Kuma ka lura, shekarar da Planque ya rasu ke nan, shekara 50 da 'yan watanni bayan kafa ƙungiyar.

Me ya sa ba Kano ba? Amsar siyasa ce fiye da addini. Da Lugga, shugaban turawan mulkin Ingila a Arewa, ya ci Sakkwato a 1903 ya yi wa sarakuna alkawari gwamnati ba za ta sa baki a addininsu ba, kuma tunda da hannun sarakunan yake son ya yi mulki ya karɓi haraji, ba ya son abin da zai ta da ƙura. Sai ya zama doka a aikace: 'yan mishan ba sa shiga masarautun Musulmi sai da izini, izinin kuma da wuya a samu. An ma riga an ga misali, a 1900 'yan mishan na Angalikan, Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller, sun je Kano, Sarki Alu ya ce su bar masa gari. Miller ya samu ya zauna cikin birnin Zariya daga baya, amma shi ma ƙarshe Wusasa aka mayar da mishan ɗin, bayan gari. To inda ƙofa take a buɗe shi ne yankunan da ba sa ƙarƙashin sarakunan Musulunci, irin su kudancin Filato, kuma Shendam ba ta da nisa da Binuwai, wanda a lokacin shi ne babban titi tunda ba mota ba jirgin ƙasa. Masu cewa turawan mulki da turawan mishan bakinsu ɗaya a komai, nan kam ba haka ba ne, 'yan mishan sun sha ƙorafi cewa razdan ya tare musu hanya. Balle su waɗannan fadocin ba Ingilishi ba ne, ba kuma cocin Ingila suke bi ba.

Kano da Zariya da Kaduna sun samu cocin Katolika ta wata hanya daban, wato jirgin ƙasa. Da dogo ya iso Kano a 1911 sai ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu suka cika Sabon Gari, cikinsu akwai 'yan Katolika, fada ya riƙa bin layin dogo yana kai musu ziyara har aka gina coci. Dalilin da ya sa tsofaffin cocin Katolika na Kano da Zariya duk a wajen ganuwa suke ke nan. Kafanchan ɗinku ma garin reluwe ne, mahaɗar layi.

Tsarin mulkin cocin kuwa da sauri zan wuce shi: 1911 aka ware yankin ya zama mai cin gashin kansa Waller na shugabanta daga Shendam, 1934 aka raba shi biyu, Kaduna da Jos, Kaduna ta zama babbar dayosis, wato yankin da babban bishop ke kula da shi, a 1959, Shendam kanta sai 2007 ta samu nata bishop, shekara ɗari cif. A tsakanin nan aikin ya koma hannun reshen SMA na ƙasar Ailan wanda aka kafa a 1912, saboda suna jin Turanci kuma makaranta ce ta zama babbar hanyar jawo mutane. Don haka baturen da ya koya wa kakanka karatu, in zan yi caca, ɗan Ailan ne. A Nijar ma su ne suka fara, Fada François Faroud ya buɗe mishan a Yamai a 1931, kuma har yanzu suna can, fadan nan ɗan Italiya Pier Luigi Maccalli da aka sace a Bomoanga a 2018 aka sako shi a Mali a 2020 ɗan SMA ne.

Sai tambayarka ta ƙarshe, kuma nan ne maganar da na ce ka riƙe. Mutumin da ya bar Indiya saboda ba a naɗa 'yan ƙasa fadoci, ƙungiyarsa sai da ta shekara fiye da 60 kafin ta ga ɗan Najeriya na farko ya zama fada, Paul Emecete, a Asaba a 1920. Kuma ko shi ba ɗan SMA ya zama ba, fadan dayosis ne. Hujjarsu ita ce in suka riƙa ɗaukar 'yan Afirka cikin ƙungiyarsu za su kwashe wa cocin ƙasar mutanenta, gara su horar da su su miƙa wa bishop. Hujjar tana da ma'ana, ba na musu, amma ni dai ina ganin ta yi tsawon rai fiye da kima, don sai a 1983 babban taronsu ya amince a fara karɓar 'yan Afirka a matsayin cikakkun mambobi, lokacin da samarin Turai suka rage shiga. Yau in ka ga SMA a bayan sunan matashin fada, mai yiwuwa ɗan Najeriya ne ko Gana ko Benin ko Togo, wasunsu ma a cocin Faransa da Ailan suke aiki.