Kafin ka biya kuɗin koyon tuƙin kat-kat a rairayi

Wasiƙu uku suka zo a wannan mako, duka kan tuƙin daji da kat-kat, wato motar da ƙafafunta huɗu ke ja, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Ta farko daga wani matashi ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Ya ce: "Baba, shekara 2 ke nan da na samu permi, amma tuƙina duka kan kwalta ne, iyakata Mirya da Matamaye. Ina neman aikin direba a wata ƙungiya mai kai magunguna ƙauyukan Tanut da Gure. Na ji labarin horo na kwana 3 kan tuƙin daji, sai dai kuɗinsa zai cinye ɗan abin da na tara. Kawuna kuwa tsohon direban hanyar Agadas ne, ya ce in bi shi kyauta. Wanne zan ɗauka?"

Ɗana, fara da kawunka, sannan ka je horon in ka tabbatar na gaskiya ne. Permin aji B da ke aljihunka ya ba ka izinin jan motar da ba ta wuce tan 3 da rabi ba, amma babu wanda ya nuna maka abin yi ranar da ka baro Gure ka miƙa arewa wajen Tasker, kwalta ta ƙare, ƙafafun motar suka nutse. Kawunka zai ba ka ido. Zai nuna maka yadda ake gane laushi tun daga nesa, da sawun da ake bi da wanda ake kauce wa, da dalilin da ya sa tsofaffin direbobi ke sammako: da sanyin asuba rairayi yana da ɗan ƙarfi, da rana ta take sai ya saki kamar gari. Wannan ba a samun sa cikin kwana 3. Sai dai yawancin manyanmu ba sa son sakin sitiyari, kuma sun fi gane abu da yi fiye da bayani. Za ka iya bin sa wata guda kana ɗaukar felu da jarka, ba ka taɓa hawa tudu ko ɗaya da hannunka ba. Ga kuma maganar takardar shaidar horo, wadda ƙungiyoyi ke dubawa lokacin ɗaukar ma'aikaci.

Kafin ka miƙa ko dala ɗaya, ka tambayi masu horon: mutum nawa ne a mota guda, kuma awa nawa kai kanka za ka riƙe sitiyari? A ina za a yi, cikin rairayi na gaske ko a filin ƙwallo? In wani abu ya karye, wa zai biya? Babbar tambayar kuma ita ce: za su sa ka kafe da gangan, ka fito da motar da kanka? In suka ce a wurinsu mota ba ta kafewa, ka yi musu godiya ka koma gida da kuɗinka. Ban yarda da horon da ɗalibi zai gama da tsabtar riga ba.

Ga abin da ya kamata ka fito da shi. Motocin da za a ba ka, irin Hilux ko Land Cruiser jerin 70 da Toyota ke ƙerawa tun 1984, suna da ƙaramar giya mai 2H, 4H da 4L. Ta farko ta kwalta ce, ƙafafun baya kaɗai ke ja. 4H ta rairayi ce da burji mai santsi. 4L ta wahala ce, hawan tudu da nauyi ko fitowa daga rami, kuma sai mota ta tsaya ake sa ta. Wasu suna da ɗan makulli a tsakiyar ƙafar gaba da ake murɗawa da hannu. In ka manta ka kulle shi, ko ka sa 4H gaba ba zai ja ba. Da ka hau busasshiyar kwalta ka koma 2H, domin a irin waɗannan motoci in an sa 4H ko 4L gaba da baya a ɗaure suke, a kwana sai su yi ta kokawa da juna har ƙarfe ya ji jiki.

Sai iskar taya, wadda ita ce rabin aikin. A kwalta ana barin ta sama da bar 2, abin da masu faci ke kira kilo. A rairayi mai laushi ana rage ta zuwa wajen 1 da rabi, wani lokaci ƙasa da haka, don tayar ta shimfiɗu kamar tafin raƙumi maimakon ta yi ta haƙa. Amma taya mai ƙarancin iska ba ta son gudu da karya kwana, tana iya zamewa daga wili, kuma in ka koma kwalta ba ka ƙara mata iska ba za ta ɗau zafi ta fashe. Ka shiga laushi da giya ta 2 ko ta 3, da wuta daidai, kada ka taɓa kuloci a tsakiya. Da ka ji motar ta daina ci gaba, ɗaga ƙafarka nan take, don kowane juyi na banza ƙara binne ta yake. Ka gwada komawa da baya a kan sawunka. Tudu kuwa a miƙe ake hawa, a miƙe ake sauka. Yanke shi ta gefe ne ke kifar da mota.

Wasiƙa ta biyu daga wani Alhaji ce a Zango. Ya sayi Hilux ta hannu don zuwa gona da duba garke wajen Damagaram Takaya, kuma mai sayar da kayan mota yana matsa masa ya sa ƙarfen gaba, manyan fitilu da winci, wato injin da ke naɗe igiya ya jawo mota in ta kafe.

Allah ya sa albarka, Alhaji. A ajiye waɗannan tukuna. Winci sai da abin ɗaurawa, a inda aka fi kafewa kuwa da wuya a samu icce mai ƙarfi a kusa. A fara da ma'aunin iska da famfon da ke aiki da batirin mota, domin direban da ba shi da abin mayar da iska tsoron rage ta yake. Sai felu, da katako mai kauri da za a ɗora jak a kai don kada ya nutse, da faranten ƙarfe biyu da direbobi ke kira tol, waɗanda ake turawa ƙarƙashin taya. A ƙara safaya ta biyu da kayan faci, saboda ƙayar aduwa da kututturen gona gefen taya suke hudawa. Igiyar ja ta zama mai ƙarfi, a ɗaura ta a ƙugiyar da ke jikin ƙashin motar. Kada a taɓa rataya ta a dunƙulen jan tirela: yana iya ɓallewa ya taho kamar harsashi, kuma ya sha kashe mutane. Ruwan sha ya fi na kwanakin tafiya, man mota ma haka, don rairayi yana shan gazuwal fiye da kwalta nesa ba kusa ba. Bayan kaka a riƙa leƙa ƙarƙashin motar, busasshiyar ciyawa tana taruwa kusa da salansa ta kama wuta, ƙarangiya kuma tana toshe lagireto.

Ta ƙarshe wata ma'aikaciyar lafiya ce da ke zagaya ƙauyukan Magarya da damina. Ta tambaya ko in ta sa wa motarta dogon bututun shan iska, wanda ke hawa gefen gilashi, za ta iya tsallake kori.

Ƴata, bututun yana da amfani, yana hana inji shan ruwa kuma yana rage masa ƙura, amma ba ya hana ruwa tafiya da mota. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 ya isa ya kwashe yawancin motoci, ƙarama ma rabin haka ya ishe ta. A watan Agusta kori kan cika ko da ba a yi ruwa a inda kike ba, don daga sama yake gangarowa. In ruwan a kwance yake, wani ya shiga da sanda ya auna zurfi da ƙarfin ƙasa, ki sa 4L, ki ratsa a hankali ba tsayawa, bayan kin fito ki ɗan taka birki sau da yawa ya bushe. In kuwa yana gudu har mutum ba zai iya ratsa shi da ƙafa ba, ki ja motar kan tudu ki jira ya janye, ki kira asibiti ki faɗa musu inda kike.