Mai walda ya ce in ya yi wa babur ɗina rumfa, ba sai mun sa hular kwano ba

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Rikkos a cikin Jos, ina koyarwa a Bukuru. Da babur roba-roba nake zuwa aiki, kuma da safe nakan sauke 'yata 'yar shekara takwas a makarantarsu. Daminar bana ta gallabe mu, sau biyu yarinyar tana kwanciya da mura. Na ga hoton babur mai rumfa a intanet, na nuna wa wani mai walda, ya ce zai haɗa min irinsa da bututun ƙarfe, ya sa gilashi a gaba. Ya ƙara da cewa in an gama ba sai mun sa hular kwano ba, wai a Turai ma haka ake yi. Har na ba shi kafin alƙalami, amma hankalina bai kwanta ba. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba yarinya lafiya. Gara da hankalinka bai kwanta ba. Kada ka bari a taɓa babur ɗin nan.

Ina kyautata zaton hoton da ka gani na BMW C1 ne, wanda aka fara sayarwa a shekarar 2000, aka daina ƙera shi a 2002. Gaskiya ne a Jamus da wasu ƙasashen Turai an yarda mai tuƙa shi ya hau ba hula, amma Ingila ta ƙi yarda. Mai waldanka ya ji rabin labari ne. Abin da ya sa aka yi wa C1 wannan rangwamen shi ne keji ne na alminiyam da aka zana tare da firam tun daga takarda, aka yi ta gwara shi ana auna abin da zai sami mutum. Yana da bel biyu masu gittawa a ƙirji, da matokarar kai, da wani sashe a gaba da aka yi shi don ya lotse ya shanye ƙarfin karo. Nauyinsa ya kai kilo 185, alhali roba-robarka ba ta wuce kilo 100 da 'yan kai ba. Sannan ga abin da ya fi shafarka: mutum ɗaya kejin yake ɗauka. Wanda aka goya a waje yake zama, a bayan kejin, ruwa na dukansa, kuma dole ya sa hula. Ko na asalin aka kawo maka, 'yarka ba ta cikin rumfar.

Akwai kuma Honda Gyro Canopy na Japan, tun 1990. Taya uku gare shi, gaban yana kwantawa a kwana, tayoyin baya biyu da inji suna dafe da ƙasa. Ƙaramin inji ne mai sisi (cc) 50, na masu kai abinci gida-gida a cikin gari, kuma da hularsu za ka gan su.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai an kawo min shi: wai tunda akwai ƙarfe a saman kai, kai ya tsira. Malam, wa ya taɓa jin mai babur ya mutu don wani abu ya faɗo masa daga sama? A gefe ake faɗuwa. Kai yana haɗuwa da kwalta, ko bakin kwalbati, ko jikin mota. Rumfa ba ta rufe gefe. Aikin hular kwano yana cikin farin soson nan mai tauri da ke ƙarƙashin ƙoƙon, shi ne ke lotsewa ya rage saurin da ƙwaƙwalwa za ta bugi ƙashin kai. Bututun ƙarfe ba ya lotsewa don kanka, kanka ne zai lotse dominsa. A babur na yau da kullum, in an faɗi, mutum yakan rabu da babur, ya zame ta nan, babur ya zame ta can. A C1 kuwa bel yana riƙe shi a tsakiyar keji, kai ba ya kaiwa ƙarfe. Rumfar mai walda ta hana ka na farko, ba ta ba ka na biyu ba. Ga ka a cikin keji ba ɗauri, ginshiƙai huɗu kewaye da kai, ɗaya daidai fuskar yarinya. In kuma ya ce zai sa maka bel, to ya ɗaure ka ne a jikin abin da zai karye a wurin walda, bakin ƙarfe ya zama wuƙa. Gilashin taga da suke yankawa su sa a gaba kuwa, in ya fashe, tsini-tsini yake fita.

Na taɓa ganin irin wannan aikin an turo shi gareji bayan ya faɗi. Mai shi ya rayu, alhamdu lillahi, amma ginshiƙin gaba ne ya tsaga masa goshi, kuma ba gudu yake yi ba. Ban manta jinin da na gani a jikin bututun ba.

Abin takaici, wannan magana ba ta karɓuwa sai don mutanenmu dama neman hanyar rabuwa da hula suke yi. Ka tuna farkon 2009, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa ta, yadda aka baza jita-jitar wai in ka sa hular ɗan acaɓa za ka ɓace, wasu har ƙwarya suka riƙa kifawa a ka? Har yau muna girbar wannan. Wani ya ce zafi, a Jos! Wani ya ce ajali in ya zo hula ba ta hanawa. Haka ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Bincike ya daɗe da nuna cewa hula mai kyau, in an ɗaure igiyarta, tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da wajen kashi 70. Kuma 'yar da ke bayanka amana ce, ba ita ta zaɓi a cire mata hula ba. Ku malamai ne ya kamata ku faɗa wa yara da iyayensu wannan, don an fi jin maganarku a kan tamu.

Ko mun ajiye batun hula, tuƙin kansa zai lalace. Nauyi ya koma sama, babur zai riƙa jinkirin kwanciya a kwana, a go-sulo kuma ya riƙa rinjayarka. Ga iska. Jos tudu ne, sama da mita 1,200, kuma ka san yadda iska ke kaɗawa kafin hadari ya sauko. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin iska a jikin rumfa ninki huɗu yake yi. Tirela ta gifta ka a hanyar Bukuru, sai ka ji an fizge ka gefe. Ƙaramin injin zai yi ta nishi yana shan mai, birki da shokozoba kuma ba a auna su da wannan kayan ba. Ba waifa, sanyin safiya ya sa gilashi ya yi raɓa, kana tuƙi a makance. Bayan duk wannan, ruwan Jos a karkace yake zuwa, ta gefe zai shigo ya jiƙa ku.

Abin da zai yi maka amfani bai kai kuɗin rumfar ba. Rigar ruwa mai riga da wando, kai da yarinyar kowa da tasa, ban da doguwar nan mai lilo da ke shiga taya. Hula mai rufe fuska gaba ɗaya, ta yarinya daidai kanta, kada a kifa mata taka. In kana so, ƙaramin garkuwar iska na roba da ake sayarwa a shagon kayan babur, wanda bai wuce haɓarka ba. Ka duba zanen tayoyinka kafin Yuli da Agusta. Ranar da hadari ya haɗu sosai, ko aka fara ƙanƙara, a sa yarinyar a Keke Napep, kai kuma ka fake har ya tsagaita.

Kafin alƙalamin da ka bayar kuwa, kada ku yi rigima a kai. Ka ce ya yi maka rumfar a tsakar gida, inda za ka riƙa ajiye babur ɗin.