Amsa ga mai son ƙarasa horon PPL (lasisin tuƙin jirgin sama na mai zaman kansa) a Amurka bayan ya fara a Afirka ta Kudu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana da awa 32 na tuƙin jirgi a Afirka ta Kudu, ka ci biyar daga cikin jarrabawar SACAA, hukumar jiragen sama ta can, yanzu iyali za su koma Amurka, kana tambaya ko wahalarka ta tafi a banza. Ni ma a can na fara, a Amurka na ƙarasa.

Awoyinka za su bi ka. Dokar FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, mai lamba 61.41 ta yarda a ƙirga horon da malami mai lasisin wata ƙasa da ke cikin ICAO, ƙungiyar jiragen sama ta duniya, ya ba ka a wajen Amurka. Sai dai malamin can ba zai iya sa maka hannun shiga gwaji ba, wannan sai malamin FAA. Jarrabawar nan biyar kuwa, ka haƙura da su, a can za ka bar su. FAA tata guda ɗaya ce, tambaya 60, ana ci da kashi 70. Takardar likita ma sabuwa za ka yi wurin likitan da suka amince da shi, haka lasisin ɗalibi, haka izinin tashi kai kaɗai.

Ka lura da irin makarantar da za ka shiga, don tsarin horo biyu ne a dokar FAA, Part 141 da Part 61. Mai bin Part 141 ba za ta ƙirga maka fiye da kashi 25 na awoyin kwas ɗin ba, tunda daga waje ka zo. A Part 61 ne ake ƙirga komai, mafi ƙaranci awa 40. Amma idan bizar karatu ta M-1 za ka nema, makarantun da ke iya ba da takardar I-20 da ake neman bizar da ita yawanci 141 ne, to ka tambaye su tun kafin ka biya ko sisi. Ga kuma binciken TSA, hukumar tsaron sufuri ta Amurka, da zanen yatsa, wanda sai an gama shi za ka fara darasi.

Inda mutane ke shan mamaki shi ne logbuk, littafin da ake rubuta awoyin tashi. Ranar da na kai nawa, malamin ya zauna da fensir yana bin layi layi, yana auna nisan filaye a taswira. A wurinsu doguwar tafiya ba ta shiga lissafi sai ka sauka a filin da ya wuce mil 50 na ruwa daga inda ka tashi. Wanda ya yi zagaye ya dawo gida bai sauka ba, awa ce kawai ta shiga jimla. Sannan PPL na Afirka ta Kudu babu dare a ciki, su kuwa suna son awa 3 na dare da sauka 10. Saboda haka kafin ka bar makarantarka, ka sa kowane malami ya sa hannu a kowane layi da lambar lasisinsa, ka karɓi kwafin fayil ɗin horonka da hatimi. In ka riga ka tafi, neman malamin da ya samu aiki a kamfanin jirgi ya zama neman allura cikin ruwa.

Kuma kada ka ɗauka awa 8 suka rage maka. Sabon malami ba zai sake ka kai kaɗai ba sai ya gamsu. Wajen saita ma'aunin tsayi da matsin iska, ka saba jin 1013, sai ka ji ana ce maka 29.92. Shiga zagayen sauka ma daban ne, ga saurin bakinsu a rediyo.

Ra'ayina, idan kuɗi da biza za su ba ka ƴan watanni, ka ƙarasa inda kake. Awa 45 ake nema, ka kusa. Da lasisi a hannu, dokar 61.75 za ta ba ka na FAA ba tare da gwajin tuƙi ba, bayan SACAA ta tabbatar musu da naka. Sharaɗin shi ne na asalin ya ci gaba da aiki, kuma duk abin da ya hana ka, kamar tashin dare, nan ma ya hana. Idan tafiyar ba ta jira, to ka dage ka yi doguwar tafiyarka ta kai kaɗai yadda za ta dace da ƙa'idar FAA, mil 150 na ruwa da sauka a wuri uku, kafin ka tattara kaya. Allah ya ba da sa'a.