Wa ake bauta wa a Fushimi Inari?

Ɗan'uwa, ka ce za ka je birnin Kiyoto na ƙasar Japan, kana son sanin wa ake bauta wa a Fushimi Inari, da ko sai baƙo ya yi ruku'u. A'a, babu mai tilasta maka, kuma shiga kyauta ne dare da rana.

Mabiya Shinto, addinin gargajiya na Japan, suna kiran abin bautarsu a nan Inari, mai kula da shinkafa da albarkar kasuwanci. An kafa wurin a shekarar 711. Gumakan yanyawa da za ka gani ko'ina ba su ne Inari ba, 'yan aikensa ne. Ka matsa kusa da su, za ka ga mabuɗin rumbun shinkafa a bakin wasu, da jan ƙyalle a wuya.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne dubban jajayen ƙofofin nan, torii, jere suna hawa dutsen da ke bayan wurin bautar. 'Yan kasuwa da ɗaiɗaikun mutane ne ke ba da su, an rubuta sunan kowa da kwanan wata da baƙin fenti a bayan ginshiƙi.

Don Allah ka yi sammako kafin cunkoso. Hawa da sauka kan ci awa 2 zuwa 3.