Bayan cire haƙori: wane maganin ciwo ya kamata a saya?

Tambaya: Jiya aka cire mini turmin ƙasa, kuma har yanzu kaina yana sarawa ta wannan gefen. A farmasi an nuna mini Doliprane da wani parasetamol mai araha, mai tallan magani a tasha kuma ya ce tramol ne zai raba ni da ciwon. Wanne zan saya? Daga wata mai karatu a Tawa.

Amsa: Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Ki sayi mai arahar, muddin a farmasi ne, domin Doliprane shi ma parasetamol ne, sunan kamfani kawai ake biya. Babban mutum yana shan ƙwaya biyu masu miligiram 500, ya bar awa shida kafin ya sake, kuma kada ya wuce giram 4 a kwana ɗaya saboda hanta. Idan bai wadatar ba, a haɗa da ibuprofen mai miligiram 400 bayan cin abinci, domin yana rage kumburi, amma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko juna biyu ta tambayi likita tukuna. Aspirin kuwa a bar shi, saboda yana hana jini daskarewa.

Tramol ba na wannan ciwon ba ne. Yana kama jiki har mutum ya kasa rabuwa da shi, kuma ƙwayar da ta wuni a kan faranti cikin zafin ranar Tawa babu mai tabbatar miki da abin da ke cikinta.

Ciwon kan da kike ji yawanci daga muƙamuƙi yake, wanda ya daɗe a buɗe ana jijjiga shi, sai kuma yunwa da ƙishirwa, tun da mai ciwon baki yakan ƙaurace wa abinci. Ki sha ruwa da yawa, da kunun da ya huce, da fura mai ruwa-ruwa. Da zarar awa 24 ta cika da cire haƙorin, kina iya kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri, amma kada ki tsotsi wurin, kada asuwaki ya taɓa shi, domin gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin ƙashi.

Abin lura shi ne kwana na uku zuwa na biyar. Idan maimakon sauƙi ciwon ya ƙaru, ya harba zuwa kunne, baki ya fara wari, to alama ce gudan jinin ya fita, ƙashi ya zauna a fili. Wannan ba ƙwaya ce maganinsa ba, kuma kada ki sayi amoksisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da kanki. Likitan haƙori zai wanke ramin ya sa masa magani, sau da yawa mai sinadarin kanumfari. Idan kuma zazzaɓi ya zo, ko kumburi ya hana ki buɗe baki ko haɗiya, ki tafi asibiti ranar nan, ko da dare ne.